Ramin da ka bari a takardar Baba

Zuba, 9 ga Maris, 1971

Zuwa ga Yaya Maude,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a Kaduna. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida.

Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Tun muna yara na san halinka na bin 'yan siyasa da littafi su sa maka hannu, muna yi maka dariya muna cewa kai ma minista za ka zama. Ban taɓa zaton abin zai kai ka ga akwatin marigayi Baba ba. Ishaya ɗan Yamusa, maƙwabcin gonarmu, ya kai mu ƙara, wai layin mangwaron nan na gabas nasu ne. Ban damu ba, don na san akwai takardar iyaka wadda ɗan majalisar yankinmu na wancan lokaci ya sa wa hannu ranar da ya sasanta Baba da Yamusa. Na ɗauko ta a naɗe yadda Baba ya bar ta, na miƙa wa alƙali ina ta baza hanci. Yana warwarewa sai ga rami a ƙasanta, an yanke shi tsaf da reza, daidai inda sa hannun yake.

Alƙali ya ɗaga takardar ya leƙo ni ta ramin, ya tambaye ni ko ɓeran gidanmu ya yi makaranta ne. Kowa ya yi dariya, ni kuwa kamar in nutse. A nan na tuna yinin da ka yi a ɗakin Baba da Sallah, ka ce gyara kake yi. Ashe ka yanke ka liƙa a littafinka ne, don abokanka na ofis su gani su yaba. Ɗan majalisar ya rasu, Baba ya rasu, Yamusa ya rasu. Wa zai sake sa mana hannu? Kuma ka sani sarai mangwaron nan shi ke ciyar da Inna.

An ba mu zuwa Alhamis ta sama. Ka taho da littafin gaba ɗaya, kada ka ɓamɓare da kanka ka ƙara yaga shi. Inna ta tambaye ni wa ya yi wannan aiki, na ce gara ce. Sai ta ce ai ita ta ba ka mabuɗin akwatin.

Ka gaida Yaya Mero da su Abu da Fatu.

Ni ce ƙanwarka,
Uwani