Ki Dawo da Ashanarki, Tekarei

Zuwa ga sanyin idaniyata, fitilar ɗakina, uwar 'ya'yana biyar, Tekarei, wadda murmushinta ya fi mini ruwan sama daɗi a shekarar fari.

Tun da jirgin ruwan tsibirinku, Abaiang, ya ɗauke ki da jaririyarmu, Betio ta zame mini kufai. Ki ji fa! Garin da ba ka iya miƙe ƙafa sai ka taɓa maƙwabci, garin da ake shanya kaya a kan kabari don rashin fili, shi ne yau ya yi mini faɗi. Ina hawa kwakwa da safe ba waƙar nan da na saba, har maƙwabcinmu tsoho Bauro ya ɗago kai ya ce, "Kai Ioteba, muryar ma da ita aka tafi?" Da ita aka tafi mana!

Kin tuna yammacin da nake shafa miki man kwakwa, yatsana ya ci karo da ashanar tazarar haihuwa a damtsenki? Na yi shiru, kika sunkuyar da kai. Wallahi ba fushi ne ya ɗaure mini baki ba. Ranar haihuwar autarmu ce ta faɗo mini: jini ya ƙi tsayawa, leɓunanki sun yi fari fat, nas tana cewa, "In ta sake ɗaukar wani cikin, ba na ce za ta tashi ba." Kafin in tattaro magana Innata ta leƙo ta ce, "Au, rufe ƙofar kika yi? Ni goma na haifa, wa ya mutu?" Washegari kika haɗa kayanki.

Yanzu ƙanwarki ta aiko cewa za ki je a cire ashanar, wai don ki dawo mini da fuskar da ba kunya. Haba, zinariyata! Wa ya ce miki abin da nake so ke nan? Me zan yi da ɗa na shida in babu mai tsefe kan ta biyar? Wa zai yi mini dariyar nan in na dawo daga kamun kifi hannu rabbana?

Na je wurin Fada, limamin cocinmu, na ce masa, "Fada, kullum ina ɗaure hudar kwakwa don ta ba mu ruwan zaƙi, hudar da na ɗaure kuwa ba ta yin 'ya'ya. In bishiya ta gaji ina barinta ta huta. Matata ba ta kai bishiya ba?" Ya ce koyarwar coci da ta hana ashanar tana nan yadda take, amma zai yi mana addu'a. Ban ci shi da gardama ba, shi ma bai ci ni ba. In akwai zunubi a ciki, a rubuta shi da sunana, zan amsa a gaban Allah da bakina.

Inna kuwa na ce mata, "Goma kika haifa, Inna, amma ƙanwarki Meere fa? A haihuwa ta nawa muka binne ta?" Jiya na same ta tana wanke tabarmarki.

Ki dawo, turaren zuciyata! Yara sun ishe ni da tambaya, kifin da nake gasawa ma ƙonewa yake. Kada ki bari kowa ya kusanci damtsen nan da wuƙa. Zan tsaya a bakin gaɓa ranar da jirgi zai iso, kuma kafin in karɓi jakarki, kafin in karɓi jaririya, hannunki zan fara kamawa in laluba. In na ji ashanar a wurin, sannan zan yi waƙa.

Naki ni kaɗai, har ranar da ƙafata za ta kasa hawa kwakwa, da bayan nan ma,

Ioteba