Baba Yana So Ya Sake Yanke Ɓauren da Hannunsa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya idan kika ji a kan bishiya ce. Ni kaina da bara wani ya kawo mini irin wannan maganar, da na ce ya je ya nemi aikin yi.

Ni malamar kimiyya ce a sakandare. Muna zaune a saman bene, ni da maigidana da mahaifina. Baba mai gyaran agogo ne. Tun ina ƙarama na san shi da gilashi manne a ido ɗaya, yana ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba da ɗan hantsaki, hannunsa ko motsi ba ya yi. Shekarun baya aka rushe gidanmu za a faɗaɗa titi. Ranar kwashe kaya kowa na ta kan katifa da kwanuka, shi kuwa Baba yana tsugunne a wurin da marigayiya Mama take wanke-wanke, yana tono wani ɗan ɓaure da ya fito a tsagar bango. A tsohon bokitin fenti ya sa shi, da shi ya hau bene.

Ɓauren ya girma a baranda, dogo siriri kamar sanda, ganye sai can sama, har kansa ya tokare rufi ya lanƙwashe. Ana haka Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Ciwon bai tayar mini da hankali kamar yadda ya janye daga mutane ba. Idan mai yi masa gashin ƙashi ta zo, sai ya juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske.

Muna da maƙwabci, tsohon likitan haƙori, kowa Dokta yake ce masa. Barandarsa cike take da bishiyoyi a cikin tukwane marasa zurfi. Bishiyoyi fa sosai, Anti, masu kauri da rassa da kamannin tsufa, amma babu wadda ta kai gwiwar mutum. Ya ce ana kiran wannan aikin bonsai, wato a raini bishiya a tukunya ana yanka ta tana sake fitowa, har ta tsufa ba ta yi tsawo ba. Wata rana ya shigo duba Baba, ya ga ɓaurenmu, ya ce yana hanyar mutuwa, don ganyen ba ya samun haske. Maganin kawai a sare shi, a bar abin da bai fi tsawon tafin hannu ba. Na ce sam ba za a yi haka ba. Sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa, ya nuna bishiyar, ya dubi Dokta ya gyaɗa kai.

Da zarto aka yanke shi. Wani farin ruwa kamar nono ya riƙa tsatsowa daga wurin. Ni dai kicin na shige na yi kukana. Da babban yayana ya zo ya tarar da kututture a bokiti, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce abu ɗaya da ya rage mana na gidan Mama mun miƙa wa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tumɓuke haƙoran jama'a, ina zai ji tausayin reshe? Tun daga ranar gaisuwarmu ta zama sama-sama.

Makonni suka wuce babu ko alama. Na fara tunanin yadda zan jefar da bokitin ba tare da Baba ya gani ba. Shi kuma kullum sai an kai masa kujera kusa da kututturen, ya zauna ya zuba masa ido. Wata safiya ina sauri zan tafi aiki na ji yana buga sanda. Na fito a guje, na ɗauka faɗuwa ya yi. Ashe nuna mini yake. A jikin busasshen ɓawon nan wasu jajayen ɗigo sun fito kamar kan ashana.

Anti, ni nake koya wa yara yadda tsiro yake toho. Na zana shi a allo ba adadi, na ba da maki a kansa. Amma ban taɓa tsayawa na ga itacen da na yanke wa ƙauna ya tsage ya fito da rai ba. Wurin da babu idon toho, babu tabo, babu komai, nan toho ya ɓullo. Kowane ganye a naɗe yake fitowa kamar an murza takarda, ka je aiki ka dawo ka tarar ya warware, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Dokta ya ce waɗannan idanun suna kwance a ƙarƙashin ɓawo tun bishiyar tana ƙarama, da ba a sare ta ba da ba za su taɓa farkawa ba. Ranar na makara zuwa makaranta, ban ma damu ba.

Abin da ya fi wannan shi ne Baba. Na gan shi da idona ya ɗauki hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora a kan ganye, ya ce ikon Allah. Kalma biyu a jere, rabon da in ji haka daga bakinsa tun kafin ciwon. Bayan 'yan watanni, babban yatsansa da manuni suka fara haɗuwa, yana tsinke kan toho yadda Dokta ya nuna masa. Yanzu shi yake tuna mini ranar gashi.

Ga inda matsalar take. Sababbin rassan sun yi tsawo. Dokta ya ce lokaci ya yi da za a sake yanke su a bar guntaye, a kuma rage saiwa a sauya tukunya, ta haka rassa za su yawaita ganye ya ƙanƙance. Bai ɓoye mini ba, ya ce yankan farko dole ce ta sa, wannan kuwa zaɓi ne, kuma bishiya tana iya mutuwa. Baba ya kafe shi zai yi da kansa, har ya ɓoye almakashin yankan a ƙarƙashin matashi, ga hannun har yanzu yana rawa. Yaya kuma ya gama gininsa mai fili. Ya ce zai zo da mota ya ɗauki ɓauren ya dasa a ƙasa, ya zama bishiya kamar kowace bishiya, tsuntsaye su sauka, jikokin Mama su sha inuwa. A cewarsa abin da muke yi tauye halittar Allah ne.

Wallahi wani lokacin sai in ga yana da gaskiya. Wani lokacin kuma in ji ni ma ina ɗokin sake ganin tohon nan, sai in ce ko son kaina ne. Babban tsorona shi ne a yanka ya mutu, Baba ya koma kallon bango. In kuma Yaya ya ɗauke shi, me Baba zai tashi ya duba da safe? Maigidana ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa. Yaya zan yi?

Ƙanwa Mai Ban Ruwa

AMSA

'Yata, ban yi dariya ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki, sannan na fita na tsaya ina kallon bishiyar ƙofar ofishinmu, wadda kullum nake wucewa ban taɓa ɗaga kai ba.

Mu fara da abin da ke da yayanki kuka manta. Ɓauren na mahaifinku ne. Shi ya tono shi, shi ya yarda a sare, kuma ya riga ya faɗi abin da yake so. Nauyin harshe bai ɗauke masa hankali ba. Kada ku yanke hukunci a kansa yana zaune a tsakaninku kamar kaya.

Amma kada ki ɗauki yayanki mai rigima. Ke kin ga toho, shi kututture kawai ya gani. Ya zo ya tarar an sare abin da yake tuna mahaifiyarsa da shi, ba wanda ya kira shi. Wannan ya isa ɓacin rai, kuma ya cancanci ki ba shi haƙuri a kan rashin sanar da shi. Burinsa na inuwa ga jikoki buri ne mai kyau. Zancen tauye halitta ne ban yarda da shi ba. Manomi ma yana sassabe rassa don bishiya ta yi kyau, kuma itacen da ake ba ruwa da taki ana dubawa kullum ba wulaƙantacce ba ne.

Na tambayi wata mai rainon itatuwa da na sani, ta ce ɓaure yana kamawa daga reshe. Rassan da za a yanke ɗin nan, idan aka kafa su a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, wasu za su yi saiwa. Kin ga kenan ba sai an raba ku ba. Yayanki ya tafi da nasa, ɓauren Mama ne shi ma, ba wani ba. Ya dai dasa shi nesa da gini da bututun ruwa, don saiwar ɓaure tana fasa bango.

Ta kuma ce kada a haɗa yankan rassa da yankan saiwa lokaci guda. A yi na rassa lokacin da bishiyar take cikin ƙarfinta tana toho, a bar ta ta murmure, saiwa ta jira. Bayan yanka a rage ban ruwa, tunda ganyen da zai sha ya ragu. A sa safar hannu, farin ruwan nan yana sa ƙaiƙayi, kada ya taɓa ido. Ki yi magana da Dokta a kan wannan, na ga mutum ne mai faɗin gaskiya.

Batun almakashi, ki tambayi mai gashi. In ta amince, Baba ya yanka ƙananan rassa, Dokta ya yi masu kauri. Ki gayyaci yayanki ranar, ki ce masa ana bukatar wanda zai tallafe wuyan hannun Baba. Kada ki yi masa dogon bayani, ki bar shi ya ji yatsun nan suna motsi a cikin nasa.

Sai tsoronki. E, bishiya tana iya mutuwa, ba zan ruɗe ki ba, shi ya sa ma ki ajiye reshe ɗaya ko biyu a barandarku. Amma kada ki rataya ran mahaifinki a jikin itace. Mutumin da ya ɗauki hannunsa na dama da na hagu ya ɗora a kan ganye, shi ya yi wannan ƙoƙarin, ba ɓauren ba. Ɗokin da kike ji kuma ba son kai ba ne, wanda ya ga abin da kika gani dole ya so ƙari.

Ki kira yayanki yau, kafin ya tayar da mota. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan Mama, ya daidaita tsakaninku. Ki gaishe mini da Dokta, ki ce masa wannan karon a bar maras lafiya ya riƙe almakashi.