Labulen da Kuka Sa Kan Maƙabartarmu

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya saurari buƙatarmu ta filin maƙabarta,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Ni 'yar Malam Isa ce, dattijon nan mai farar hula da ya tsaya gabanku ranar da jama'armu ta nemi izinin mayar da wani fili na bayan gari maƙabarta. Abu uku nake so in faɗa maka game da wannan rana. Ba na zaton ka tuna shi. Ya rasu cikin sanyin da ya wuce.

Na farko, ranar zaman mun cika zauren. Direbobi sun ajiye motocinsu, masu aikin sito a titin Wendover sun nemi hutu. Baba ya yi bayani ya zauna. Da aka tambaya ko akwai mai ƙari, ba wanda ya motsa, don a wurinmu in babba ya gama magana ba a ɗora wata a kai. Maƙwabtan filin kuwa layi suka yi, kowa ya faɗi tasa ta adawa. Sai aka rubuta cewa mutum ɗaya ne ya goyi baya. Wannan laifin namu ne, ladabinmu ne ya cuce mu.

Na biyu, kuka ce za ku keɓe da lauyanku. Baba har daɗi ya ji. Ya ce mana labule aka sa, alamar an ɗauki maganar da nauyi, kuma manya in sun fito daga labule sukan gaya wa mai buƙata abin da aka gani. Kuka fito, kuka ɗaga hannu, kuka ƙi, kuka wuce zuwa batun wani wurin wankin mota. Shi kam ya samu muhawara a gabanmu, har da tambayoyi masu zurfi kan inda kumfa za ta malala.

Na uku, ban ce lauya ya yi magana a bainar jama'a ba. A kantin magani nake aiki, na san akwai abin da ba a faɗa a gaban layi. In ƙarar kotu kuke tsoro, ku ji shawararsa a keɓe. Amma lauya ba shi da ƙuri'a, ku ke da ita. Dalilinku ma ya zama sirri? Ƙasar wurin ce ba ta dace ba? Hanya ce? Ko mu ne? Biyun farko ana gyarawa. Na ukun ma gara a faɗa mana, mu daina wanke manyan riguna don zamanku.

An kai Baba wani gari mai nisa, inda aka samu wuri. Mama tana wankin ƙoda, ba ta jure doguwar tafiya a mota, har yau ba ta ga inda yake ba. Ni da aka kai makaranta don in fahimci irin waɗannan abubuwa, ni take tambaya. A da tana tambayar me ya sa kuka ƙi. Yanzu ta koma tambayar ina za a kai ta.

Saboda haka ina roƙon ku dawo da maganar zaure. Abin da ke na lauya ku bar shi a ɗaki, abin da ke naku kowa ya faɗe shi da bakinsa kafin ya ɗaga hannu. Ku kuma hanzarta. Ina so ta ji amsar da kunnenta.

Allah ya ba ka tsawon rai, ya sa naka su kwanta inda ƙafarka za ta iya kaiwa.

Wassalam,
Hadiza Isa, Greensboro