Yarana Sun Fi Son Horo da Karatu

Zuwa ga Malam Na'iya na Tambuwal, mai amsa tambayoyin jama'a.

Bayan gaisuwa, Malam, ka taimake ni, makarantar da na gada wurin mahaifina a Kebbe tana watsewa a hannuna. Na aiko takardar nan ta hannun fatake, kuma na ɓoye sunana don kunya.

Yarana ba su da ladabi, karatu kuma sai hamma. Na fara yi musu wa'azin kyawun hali bayan la'asar, har muryata ta dushe, su kuwa suna gyangyaɗi. Bulala ba na sonta, mahaifina bai rene ni da ita ba. Sai na yi dabara: duk wanda ya yi laifi, a tura shi daji ya ɓamɓaro ƙaron da muke haɗa tawada da shi, rana ta horar da shi.

Malam, ashe na buɗe musu ƙofar shagali! Can suna hawan itace, suna tsotsar ƙaro, suna bin kurciya. Yanzu rige-rigen laifi ake yi. Jumare, yaron da ko ƙuda bai iya kora ba, ya zo ya rantse shi ya zubar da tawada, alhali akuya ce ta zubar, na gani da idona. Shekaranjiya yara biyu suka yi dambe kan wanda zai amsa laifin fasa tulu. Ƙaro ya cika tukwane, alluna kuwa sun yi ƙura.

Ɗangiwa, mahaifin Jumare, ya ce in dai yawon daji ne, gara ɗansa ya bi shanu. Shi ake ji a unguwarmu, in ya janye kowa zai janye. Wallahi abin yana cin raina, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Daga Mai Tukwanen Ƙaro, Kebbe.

Ɗan'uwa Mai Tukwanen Ƙaro,

Na yi dariya har rawanina ya kwance, sannan na tausaya maka. Niyyarka kyakkyawa ce, amma ka sa daɗi a wurin laifi, ka bar gundura a wurin karatu. Yaran ba shaiɗanu ba ne, lissafi suka iya. Ɗangiwa ma yana da gaskiya, karatu ya kawo ɗansa.

Ka daina ware tarbiyya gefe guda kamar magani mai ɗaci, ka zuba ta cikin aikin. Zuwa ƙaro ya zama amana da ake ba wanda ya biya allonsa, kuma ka bi su da ƙafarka. A hanya su yi tilawa. In an zo gonar mutane, a kewaye, ka faɗa musu dalili a taƙaice. In an dawo, yaro ɗaya ya raba musu ƙaron tsotsa, shi ya ɗauka a ƙarshe, za ka ga adalci ya zauna ba wa'azi.

Sannan ka haɗa su biyu-biyu, mai ƙwazo da mai rauni. Kada kowa ya wanke allonsa sai abokinsa ya iya nasa. Wanda ya faɗi gaskiya kan laifi, ka sassauta masa a gaban kowa. Mai aron laifin akuya kuwa, shara ta ishe shi.

Ka je wurin Ɗangiwa da kanka, ka roƙe shi ya ba ka lokaci zuwa kaka, sannan ya zo ya ji karatun ɗansa da kunnensa.

Ranar da aka kama yaro yana ɓoye zazzaɓi don kada a hana shi zuwa makaranta, ka tsawata masa kan ƙarya, ka mayar da shi gida. In ya juya baya, ka yi hamdala, makarantar mahaifinka ta tsaya da ƙafarta. Allah Ya jiƙan Malam mahaifinka, Ya albarkaci yaran, Ya dawo maka da cin abinci.

Naka, Na'iya.