Kiran Yamma a Wani Garin Japan

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Ummata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? A gaishe min da Baba da ƙanwata Rahama. Ni lafiya ƙalau, karatu na tafiya, barci ne kawai yake ɗan yi min gardama.

Umma, da muka samu hutu na je Japan yawon buɗe ido, wani ɗan gari a gindin dutse. Har yau ganinsa nake kamar mafarki. Ruwan kwatar bakin titi garai-garai, har da jajayen kifaye a ciki.

Ran farko da yamma ina zaune bakin kogi, sai lasifikar garin ta saki wani sauti mai taushi. Ban san lokacin da na naɗe hannun riga na fara alwala ba. Tsohuwar da na sauka a gidanta tana kusa, ta yi murmushi, ta rubuta min a waya cewa kiɗan na yara ne, ana ce musu su koma gida. Nan take kuwa yaran da ke wasa a bakin kogin suka watse, kowa da kekensa. Aka bar ni tsaye, hannuna a jiƙe.

Kada ki damu, ba abin da na rasa. Alfarma ɗaya nake nema. Rahama ta ɗauko min muryarki a waya kina cewa, "Ulfa, shigo gida, magariba ta yi," yadda kike yi da, har da faɗan. Zan riƙa kunnawa a nan.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Ulfa