Mabuɗin Rumbun Albasa

Gehuru, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Waliyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Amatullahi da yara, da kuma hidimar siyasar da ta hana ka ɗaukar waya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan taɓa ta. Tunda waya ta gagara, na ba Kalilu direba wannan takarda, don shi ko ɗakin taronku na Birnin Kebbi zai kutsa ya same ka.

Yaya, a aiko mana da mabuɗi. Kai ka zo da kanka ka ce a cika sabon rumbun da Alhajinku mai neman kujerar sanata ya gina a bakin hanya, don kada ya zo buɗe shi a ɗauki hotonsa wayam. Ka ce kwana biyu ne. Baba bai ko dube ka ba, kamar yadda ya saba, sai ya ce wa Inna a yi wa yaron nan abin da yake so. Aka kwashe albasar da ke kan rudu, gadon karan da muke ajiye ta tana shan iska, har da albasar iri da ya zaɓa ɗaya ɗaya da hannunsa, wadda tun kakanmu ake juya ta a gidan nan. Maƙwabta suka bi sahu. Kawu Sabi'u ma daga Andarai ya turo tasa, don Baba ne ya yi magana.

Alhaji bai zo ba. Ka rufe ƙofa wai kada a yi sata, ka sa mabuɗi a aljihu, ka shige mota.

Ba sai na tuna maka tarihin rumbun nan ba. Tun da soja suka koma bariki, duk mai son kujerar nan da ya biyo ta hanyarmu sai ya tsaya a filin. Na farko ya kafa allo. Wani ya haƙa rami, ya ce shi ɗan gida ne, aka zaɓe shi a akwatinmu, awaki suka yi shekaru suna faɗawa ramin. Wani ya zo da jar hula, da zaɓe ya zagayo ya dawo da wata kala, ya sake aza tubali kan tubalinsa na da. Duk Baba ya ja mutane sun bi layi, amma ban da ƙuri'a bai taɓa ba ɗayansu ko tsinke ba. Wannan karon ya ba da iri, ba kuma don Alhaji ba.

Ginin bulo ne da rufin kwano, babu taga sai wata 'yar kafa. Zafi ya soma. A kan rudu ka girma, ka fi ni sanin abin da nake nufi.

Inna tana gaishe ka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Iklima

Gehuru, ranar Asabar

Yaya Waliyyu,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar zaɓe? Ya jikin ƙaramin naku da aka ce yana haƙori? Allah ya ba shi lafiya. Ina yi maka jajen faɗuwar Alhaji, ko da yake Allah ya sani jajen bai kai zuci ba. A akwatin Gehuru dai ya ci, don Baba da sandarsa ya fita ya tsaya a rana.

Kalilu ya kawo saƙonka, da baki, don ko takarda ba ka rubuto ba. Wai Alhaji ya tafi kotu, wai a bar rumbu yadda yake sai an yanke hukunci ya zo ya buɗe da hannunsa. Wai in aka fasa ƙofa 'yan adawa za su ɗauki hoto, kai kuma ka rasa aikinka. Yaya, albasa ta san kotu ne? Wancan karon da aka yi shari'ar kujerar nan, har muka shuka gero muka girbe ba a gama ba.

Wari ya soma fita. Masu zuwa kasuwar Jega suna toshe hanci in sun iso wurin, wani baƙin ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa. Samari sun zo da guduma, Zaharaddeen ɗan Kawu Sabi'u a gaba, har kuka yake don haushi. Ka san abin da Baba ya yi? Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar ya zauna. Ya ce ba za a kunyata yaron nan gaban ubangidansa ba, zai zo. Kullum yana can, cikin warin, yana jan carbi yana duban hanya.

Na ce masa to ya kira ka da kansa, na miƙa masa wayar. Ya kawar da kai kamar na miƙa masa garwashi. Kai ɗan fari ne, tun da aka haife ka bai taɓa kiran sunanka ba, bai taɓa zama ya yi doguwar magana da kai ba, balle ya roƙe ka. Kai kuma ka san da haka. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ka san duk garin nan mutum ɗaya ne ba zai iya buɗe baki ya ce maka kawo ba, shi ka zaɓa ka ɗora wa kayan. Kunyar da yake ji taka ka mayar da ita kwaɗo ka rufe ƙofa da ita.

Mutane sun fara faɗi a bayan idonmu cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da nakan tanka musu. Yanzu na daina.

Ka ji tsoron Allah ka aiko da mabuɗin nan. Ka gaida Amatullahi.

Iklima

Gehuru, ranar Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Jiya Kawu Sabi'u ya zo da kansa. Bai yi faɗa ba, ya dai zauna kusa da Baba a bakin rumbun, har ƙudaje suka rufe su. Can Baba ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya karɓi gudumar daga hannun Zaharaddeen. Bai yarda wani ya taɓa ƙofar ba, shi ya fasa.

Ba zan iya kwatanta maka abin da muka gani ba. Buhunan da ke ƙasa sun zama kunu. Muka wuni muna tsinta, mata da maza, ana amai ana komawa. An sami kaɗan ta sama da za a iya kaiwa kasuwa a karyar. Albasar iri kuwa ita aka fara shigarwa, tana can ƙurya. Baba ya sa hannu har gwiwar hannu yana laluba. Ko ɗaya bai samu mai tauri ba. Bana a kasuwar Aliero zai sayi iri, kamar wanda jiya ya fara noma.

Da muka koma gida ya yi wanka, ya yi sallah, ya zauna a tsakar gida. Na ce zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Na ɗauka zai ce a gaida yaron nan. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce:

"Ki hwaɗa ma Waliyyu shi riƙe mabuɗinai. Mun buɗe."

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki. Ni ma sai da na ji kamar wani ya rasu. Ya faɗi sunanka sarai, babu nauyi a bakinsa, kamar yadda yake kiran ɗan maƙwabta.

Zaɓe zai sake zagayowa, wani zai zo ya gyara ƙofar ya yi mata fenti. Kai dai ban san abin da za ka zo da shi ba.

Inna ta ce a gaishe da yara. Allah ya sa mu gama lafiya.

Ƙanwarka,
Iklima