Tawadar da Aka Goge daga Wutsiyar Ɓeraye

Zuwa ga Shugaban Sashen Bincike,

Ranka ya daɗe, Farfesa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Isiyaku, mai kula da ɗakin ɓerayen gwaji, wanda ka dakatar daga aiki. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, alhali ga motarka a inuwa. To bari in faɗi tawa a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ɗalibarka Malama Rabi tana binciken ko siririn hasken na'urar leza, in an ɗora shi inda Sinawa ke tsira allurar magani, yana canza jini. Kowace safiya ni ke riƙe ɓera, ita ta haska masa ƙasan gwiwa. Waɗanda aka haska na shafa musu shuɗiyar tawada a wutsiya, sauran na bar su haka. Mako shida muna yi, cizon da na sha Allah ya sani.

Na biyu. Ana jibi za a ɗebi jinin ɓerayen aka ce baƙi za su zo. Ka leƙo, ka yatsina fuska, ka ce tawadar ƙazanta ce. Ina can Tudun Jukun wajen jana'iza ka sa masu shara suka goge ta, suka haɗa ɓerayen duka a sabon keji don hoto. Hoton kam ya yi kyau.

Na uku. Da abin ya ɓaci, ka ce ai na san dabbobina, in nuna waɗanda aka haska in sa hannu. Ranka ya daɗe, farin ɓera farin ɓera ne. Na ƙi, sai ga takardar dakatarwa wai sakacina ya lalata bincike. Laifi tudu ne.

Shekara da shekaru ana ce mini mai kiwon ɓera a Tudun Wada, ina dariya, domin halak nake ci. Yanzu ana ce mini wanda aka kora, kuma wannan yana ci mini rai.

Roƙona, a janye takardar, a ba Malama Rabi sababbin ɓeraye ta sake daga farko. Ni ma in riƙe mata su. Amma hannuna ba zai hau kan ƙarya ba, ko da kuwa ban koma ɗakin nan ba har abada.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka wanda zai faɗa maka gaskiya bayan ni.

Wassalam.

Isiyaku mai ɓeraye,
Tudun Wada, Zariya.